Tsohuwar Bindiga da Kason Maƙeri

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ina aikin zubi a wani kamfani a Sharaɗa. Mu ne masu narka tagulla da sanholo da dalma, mu zuba a mazubi, mu fitar da duwatsun sikeli da ƙananan kayan inji. Boko kuwa aji huɗu na yi. Da na ga malamin ba shi da wani sabon abin da zai gaya mini, sai na bar masa sauran yaran ya ƙarasa da su. Duk da haka a wurin aiki ba a yanke shawara sai an ji ta bakina, ko da yake galibi akasin abin da na faɗa ake yi.

Ina da aboki, mutumin Filato, Kirista, yana kula da tukunyar tururi a wani kamfanin jima a Challawa. Gidan haya ɗaya muka zauna tun muna da baƙin gashi. Idan ya taso daga aiki, tun yana bakin layi za ka san ya dawo, don warin fata yana riga shi sallama. Shi ya sa nake ce masa Mai Turare. Shi kuma yana ce mini Injiniya, da wata murya wadda ko kurma ya ji ya san ba yabo ba ne.

Da mahaifinsa ya rasu ya je gida, ya dawo da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Ya kai shi ƙuryar ɗaki bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba, sai dai na aiki maiɗakina ta tambayi matarsa. Ashe bindiga ce. Uban nasa maharbi ne, kuma wani Bature mai haƙar kuza da ya yi wa jagora a daji shi ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Da takardarta, tsohon yana sabuntawa har ya mutu, abokina kuma ya bi layi aka mayar da ita sunansa.

Sai bayan rani biyu ya kwance buhun a gabana. 'Yar gajera ce, ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu. Bututu biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na sama shi ke harbi, na ƙasa kuma nan harsasai ke kwanciya a jere. A ƙarƙashinta akwai wani hannu kamar mariƙin buta, ka tura shi ƙasa ka dawo da shi, ta tofar da kwanson da ya tashi, ta ɗauko sabo. Harsashinta ɗan guntu ne, irin na libarba. Na juya ta, na leƙa, na gyaɗa kai irin na wanda ya san abin, alhali ban taɓa riƙe abin da ya wuce danƙon harbin tsuntsu ba.

A nan ya gaya mini damuwarsa. A garinsu, in maharbi ya mutu, ɗansa na fari ke ɗaukar bindiga, amma aro ne har rani uku. Cikin ranin nan uku dole ya fita babbar farautar gari ya kayar da nama da ita. In bai kayar ba, dattawa su karɓe ta su ba wani gida a dangi, don sun ce bindiga ba ta zama a gidan da take kwana da yunwa. Biyu sun wuce, saura ɗaya. Ɗan baffansa har ya kafa ƙusa a bangon ɗakinsa yana jira. Matsalar ita ce babu harsashi. Ya zagaya duk inda ake sayar wa masu lasisi, kowa ya ce rabon da ya ga irinsa tun yana yaro. Abin da ya rage masa kawai gwangwanin madara cike da kwansuna, waɗanda tsohon ya riƙa tsincewa bayan kowane harbi yana adanawa.

Akwai wani tsohon soja da ke da ɗan shago a Bompai, bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda tireloli ke juyawa. Yana da izinin gyaran bindigogin mafarauta, kowa Baba Soja yake ce masa. Abokina ya kai masa gwangwanin. Ya zazzage a tebur, ya zaɓi masu lafiya, ya ce zai iya sake cika su, albarushi yana da shi kuma ya san awonsa. Abin da ba shi da shi shi ne kan dalmar da ke fita ya sami nama, don ba shi da mazubin irinsa. Sai an sami mai zubi. Abokina ya ce yana da ɗaya a gida, hannunsa ba laifi, bakin ne dai sai haƙuri.

Bari in faɗa tun yanzu, don na san halinku. Ni nawa dalma ce kawai. Albarushi da awonsa da cikawa duk na Baba Soja ne, a shagonsa, da takardarsa a liƙe a bango. Ko sau ɗaya bai bar ni na kusanci wannan teburin ba. Saboda haka kada wani ya biyo ni ta bayan gida yana cewa Baba koya mini. Ban sani ba, in ma na sani na manta.

Da abokina ya kawo mini maganar, na gyara zama na tambaye shi ladan aikina. Ya ce a garinsu ba a biyan maƙerin da ya yi wa maharbi kan kibiya ko harsashi. Kasonsa ƙafar gaba ce ta naman farko, a kai masa har gida ya ci. Na ce to ya nemo mai maiƙo, don ni ba na aikin ƙashi.

Ranar da muka je shagon tare, Baba Soja ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce kafin in taɓa komai in fara auna cikin bututun. Na nuna masa lambar da ke rubuce a jikin ƙarfen, na ce Baba, Baturen da ya ƙera ta ya riga ya auna, ga shi ya rubuta, ni da na yi boko ba zan tsaya ina gyara wa Bature lissafi ba. Ya kalli lambar, ya kalle ni. Can ya ce, "To, Injiniya." Ashe har sunan ya riga ni zuwa.

Na nemi izinin foman ɗinmu, ya ce in dai bayan tashi ne kuma guntayen da za a zubar ne, ba ruwansa. Na sami tagulla na sassaƙa mazubi. Da yake na sha ganin harsashi a fim, na san abu mai tsini shi ke huda, sai na yi musu kai kamar na allura. Na zuba guda goma, na goge su da tsumma har ina ganin haƙorana a jiki. Na naɗe a hankici na kai Bompai ina tafiya kamar wanda zai karɓi lambar yabo.

Baba Soja bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko kwansuna uku marasa komai, ya ɗora musu kawunan nawa, ya kwantar da su a tebur a jere, hancin wannan a bayan wancan. Ya ce haka suke kwanciya a bututun ƙasa. Ya sa yatsa ya nuna mini ɗan zagayen da ke bayan kowane kwanso, inda ake bugu wuta ta tashi, ga tsinin nawa ya dafa shi daidai.

"In ta yi harbi ta zabura, wa zai tsikari wa?" in ji shi.

Na ce ai wannan gwaji ne kawai na kawo in ga ko zai lura. Ya ce ya lura. Ya ce da an bi tawa, da abokina ya koma garinsu da hannu ɗaya, su kuma dattawa su raba guntayen bindigar kowa ya sami rabo. Irin wannan bindiga kai mai faɗi take so, kamar an yanke shi da wuƙa. Abokina yana gefe yana kallon rufi, kafaɗunsa na rawa. Muka hau adaidaita sahu, sai da muka kusa gida ya tambaye ni ko a aji biyar ne ake koyar da wannan.

Na sake sabon mazubi, kai mai faɗi, kauri daidai da lambar Bature ba ƙari ba ragi. Na zuba, na bi kowanne da magagari na share ɗan layin da mazubi ke bari, na goge. Baba Soja ya cika. Akwai wani tsohon ramin marmara can gaba da Challawa wajen kogi, mai unguwar wurin ya san Baba Soja, ya ba mu izini. Ranar Lahadi muke zuwa, in abokina ya dawo daga coci ni kuma na yi azahar. Muka jingina murfin duro a jikin gaɓa, na shafa masa farar ƙasa a tsakiya, muka ja baya taku hamsin.

Abokina ya durƙusa, ya saita, ya ja kunama. Ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse, murfin duro yana nan kamar ba da shi ake ba. Ya sake, ƙura ta tashi can gefe. Na uku ya samu, amma a baki. Da muka je dubawa, ramin ba zagayayye ba ne, dogo ne kamar ramin makulli. Baba Soja ya ce a kwance ya shiga, yana tafe yana wuntsila gudi-gudi a iska.

Nan fa na fara rabon laifi, don abu ne da na ƙware a kai. Na ce idon Mai Turare ne, tururi ya dafa shi. Baba Soja ya karɓi bindigar ya harba da kansa, nasa harsashin ma ya tafi yawonsa. Na ce to iska ce. Aka jiƙa yatsa aka ɗaga, ko ganye ba ya motsi. Na ce wataƙila albarushin ya sha sanyi. Baba Soja ya dube ni irin kallon da nake jin ya yi wa kurata a zamaninsa, na ce a'a, ba albarushi ba ne.

Lahadi huɗu muka yi a haka. Na ce dalmar ta yi laushi, na ƙara mata kuza ta yi tauri. Aka harba, ta ƙi. Na ce ta yi tauri da yawa, na rage. Ta ƙi. Kowane zubi sai in sa masa alama da ƙusa a gindi, wannan ɗigo ɗaya, wancan biyu, in zuba a ledarsa daban, don mu san wanne ne ya yi me. Abin da suka yi duka ɗaya ne. Kuma kowane harbi yana gajiyar da kwanson, wasu har sun fara tsagewa a baki, Baba Soja yana ware su gefe. Gwangwanin madara yana ta yin sauƙi. Sau biyu Baba Soja yana buɗe baki zai yi maganar awo, ina tare shi da lambar Bature.

A Lahadi ta huɗu, muna dawowa a ƙafa zuwa bakin titi, abokina ya ce saura mako uku farauta. Ya ce ya yanke shawara, zai kai bindigar da hannunsa ya rataye wa ɗan baffansa a ƙusar nan, ya fi a ce ya tsaya gaban gari ya harbi iska da bindigar da ubansa bai taɓa kuskure da ita ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce laifina ne ba. Ya ma ce na yi ƙoƙari. Wannan kalmar ta fi zagi zafi. Muka shiga mota kowa yana kallon tagarsa.

Abin da ya cece mu ba ilimina ba ne, tumbina ne. A makon nan ake bikin 'yar ƙanwata, na ba tela yadi tun da wuri. Da ya ce in tsaya ya auna ni, na ce ai yana da awona a littafinsa, kada ya ɓata mini lokaci. Da aka kawo kaftanin na zura kai, ya sauko har ƙirji, ya tsaya a kan ciki ya ce nan ne iyakarsa. Ina tsaye hannuwa a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare, ina zagin tela. Maiɗakina tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ka bar tela ya huta," in ji ta. "Ya ɗinka wa saurayin da ya zo neman aurena ne. In ka gan shi ka ba shi rigarsa."

Ina cikin rigar, ban fita ba ban shiga ba, abin ya faɗo mini. Lambar da ke jikin bindiga awon ƙuruciyarta ne. Tun daga hannun Bature har hannun tsoho, shekara nawa tana harbi, ana zura mata tsumma da sanda ana gogewa? Cikinta ya buɗe kamar nawa. Ni kuwa ina zuba mata harsashin 'yan mata, har ina bin sa da magagari ina ƙara rage shi don ya yi kyau. Yana shiga bututu yana lilo, bai kama layukan da ke murɗa shi ba, to yaya ba zai yi wuntsila gudi-gudi ba?

Sai da mutum biyu suka ja rigar sannan na fita. Washegari da aka tashi aiki na wuce Bompai, na ce wa Baba Soja na yi wani nazari mai zurfi, na gano ya kamata a auna cikin bututun. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce lalle boko ya yi rana. Ya ɗauko 'yar guntuwar dalma mai laushi, ya shafa mata mai, ya tura ta cikin bututun a hankali har ta fito ta ɗaya bakin ɗauke da zanen cikin. Na sa ma'aunina na ƙarfe. Bambancin bai fi kaurin gashin gemu ba. A kan wannan gashin muka yi wata guda muna ƙona albarushi.

Na koma na buɗe cikin mazubin da kaɗan-kaɗan, in gurza in auna, in gurza in auna. Ban taɓa yi wa aikin kamfani irin wannan ladabi ba, Allah ya sa foman ba ya karanta wannan. Na jira mazubin ya yi zafi sosai kafin in fara ajiye na kirki, na farkon masu tamoji na mayar tukunya. Magagari kuwa na jefa shi aljihun tebur. Suka fito ba ƙyalli, jikinsu toka-toka, kai a daƙushe. Da a kasuwa ne ba mai taya su.

Lahadi muka koma ramin marmara. Abokina ya zo ne don kada in ji kunya, a fuskarsa na gani. Ya durƙusa ya harba, murfin duro ya yi ƙara ya girgiza. Ya tura hannun ƙasa ya dawo da shi, ya sake. Sau biyar. Muka taka zuwa wurin, ga ramuka biyar zagayayyu a cikin farar ƙasa, na ɗora tafin hannuna ya rufe su duka. Baba Soja ya ce a ƙara taku ashirin. Aka ƙara, ba ta canza magana ba.

Abokina ya zauna a ƙasa da kayan cocinsa, ya ɗora bindigar a cinya yana shafa ƙotar da babban yatsa. Da na ga kallonsa zai sa ni yin abin da bai kamaci mai gemu ba, sai na ce ai tun farko na san matsalar, so nake su koyi haƙuri.

Ran da abokina zai tafi yana naɗe bindigar cikin buhu a tsakar gida, Baba Soja ya riga ya cika masa guda goma sha biyu, iyakar kwansunan da suka rage da lafiya ke nan. Na tsaya a kansa na haɗe fuska, na ce akwai sharaɗi. Dalmar nan hannun Musulmi ya zuba ta, ba ta shiga jikin gyado. In ya kuskura ya harbi aladen daji da ita, to kada ya ce ya san ni. Matan gida suka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ya ji, Injiniya. Na raka shi tasha, na dawo na manta da maganar, don irinta nake yi sau goma kafin karin kumallo.

Kwana goma ya yi. Ran da ya dawo da yamma ina zaune a ƙofar gida, tun daga nesa ba fuskarsa na duba ba, kafaɗarsa na duba. Dogon buhun yana nan. Na yi hamdala a zuci, a fili kuma na ce yau ban ji ƙamshinsa ba, ko an kore shi daga aiki ne? Ya zauna a benci, aka kawo masa ruwa, ya zaro wani ƙunshi a takardar siminti ya ajiye a gabana. Na kwance. Ƙafar gada ce, an yi mata banda, ba ta fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu ba. Na ɗaga ta na juya, na ce wannan ce mai maiƙon? Ko zomo ne ya yi ƙiba?

Bai ba ni labarin a ranar ba. Matarsa ce, wadda suka je tare, ta gaya wa maiɗakina, ita kuma ta kawo mini da zafinsa. Farautar kwana uku ce. Ranar farko da hantsi, karnuka suka taso wani ƙaton gyado, ya fito fili ya tsaya a gabansa, kusa ƙwarai, ya ba shi gefe. Duk maharba suka sauke bindigoginsu, don an san wannan na magaji ne. Abokina ya ɗaga, ya saita, sannan ya sauke. Gyadon ya juya zai gudu, ɗan baffansa ya kayar da shi da adaka, bindigar gargajiya. Da yamma gari ya ɗauka. Wasu suka ce Kano ta cinye masa zuciya, wasu suka ce bindigar ce ta ƙi shi. Har wani dattijo ya ce a karɓe ta tun yanzu a huta, sauran suka ce a'a, rani bai ƙare ba sai jibi. Rana ta biyu ko ɓera bai gani ba. Rana ta uku, mutane sun fara juyowa gida, wata gada ta ɓullo can kan dutse, nesa, inda masu adaka ba sa ma ɓata albarushinsu. Harbi ɗaya ya yi. Kuma tun ranar farko akwai wani Bafillace makiyayi, maƙwabcin gonarsu, da abokina ya roƙa ya riƙa bin sa da wuƙa a kugu, mutane suna ta mamakin me ya kawo shi. Shi ne ya ruga ya tarar da ita da sauran rai, ya yi bisimilla ya yanka.

Na tashi na same shi a bakin famfo yana wanke takalmi. Na ce, Mai Turare, ashe ba ka da hankali? Maganar gyadon nan wasa nake yi.

"Na san wasa kake," in ji shi, bai bar wankin ba. "Shekara nawa ina jin wasanka?"

Na ce to don me? Da gadar nan ba ta fito ba fa? Da yanzu bindigar ubanka tana kan ƙusar wani.

Ya ajiye takalmin ya dube ni. "Ƙafar gaba ta naman farko ta maƙeri ce, kuma sai ya ci. In na harbi gyado, da me zan shigo gidan nan? Babana bai taɓa cin naman da maƙerinsa bai ci ba. In na riƙe bindigarsa na bar wannan, me na gada?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, har foman ya gwada ya gaji, na tsaya a bakin famfo ina kallon ruwa yana zuba. Abin da na iya cewa kawai shi ne ya kashe famfon, ba ubansa ke biyan ruwan ba.

Maiɗakina ta yi farfesu da ƙafar. Ta sha wuta tun azahar, amma da aka sauke tana nan da taurinta kamar tayar tirela. Na aika wa Baba Soja rabi, ya aiko a ce mini ya gode da igiyar takalmi. Nawa rabin na zauna na cinye tas a gaban abokina, har na fasa ƙashin na tsotse. Haƙorina na gefe tun ranar ya fara girgiɗi, bayan wata biyu ya yi sallama. Ban taɓa jin haushin rashinsa ba.

Yau kamfaninmu ya daɗe da rufewa, an mayar da wurin ɗakin ajiyar kaya. Baba Soja ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, mazubin kuma tun a lokacin a shagonsa na bar shi, don can ne muhallinsa. Abokina ya yi ritaya ya koma kan duwatsunsu yana noman dankali. Bindigar tana ɗakinsa, ta zama tasa ba aro ba, kuma ya ce 'yarsa ta fari ta fi shi saiti, dattawa suna nan suna muhawara a kan abin da al'ada ta ce game da wannan. Na ce ya gaya musu in suna son fatawar injiniya ina nan.

Cikin masu tsinin nan na farko na ajiye guda ɗaya, yana cikin gwangwanin da nake zuba maɓallai. In na ji kaina ya fara kumbura, sai in ɗauko shi in duba. Har yanzu yana ƙyalli, har yanzu ba shi da amfani.

Abin da na koya, in ma na koya, shi ne a riƙa auna abu yadda yake yau, ba yadda aka rubuta a jikinsa ba. Bindigar na auna ta daga baya, na sami bambancin gashin gemu. Mutumin da muka yi shekaru muna shan ruwan famfo ɗaya kuwa, na ɗauka na san awonsa tun tuni, abokin tsokana ne mai warin fata. Sai da ya sauke bindiga a gaban garinsu saboda ƙafar da zan iya ci, sannan na san ma'aunina bai buɗe ya kai nan ba.

Duk rani in an yi farauta sai direban motar dankali ya tsaya a bakin layinmu da ƙunshin takardar siminti. Na sha gaya wa abokina a waya cewa na daina zubi, haƙoran ma saura na gaba. Ya ce ba ruwansa, in tsotsa. Tela kuwa, yanzu in na je, da kaina nake ɗaga hannuwa in ce ya auna.